Darasi: Tafiya a ƙasa ta bakin ruwa da ta cikin kwari

Ƴan uwa masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Tenhiya, da Tanut, da Belbeji: Darasinmu na wannan fitowa a kan tafiya a ƙasa ne. Na san wani zai yi dariya ya ce: wa zai koya wa mutumin Damargu tafiya a ƙasa? Gaskiyarsa. Da ƙafa muke zuwa rijiya, da ƙafa muke cin kasuwa, da ƙafa makiyayi yake bin garkensa. To amma hanyar da za mu duba yau ita ce wadda ta bi bakin ruwa, ko ta bi cikin kwari. Ta fi kowace hanya daɗin bi. Ita ce kuma take cin mutane da damina.

A karanta a hankali. Malamin cibiya ya riƙa tsayawa a ƙarshen kowane kashi, a tattauna.

Me ya sa ƙafa take son kwari?

Ruwa ba ya hawan tudu. Kullum gangare yake nema, yana ratsa wuri mafi sauƙi. Shi ya sa wanda ya bi sawun ruwa ba ya shan wahalar hawa da sauka. A kwari ne kuma itatuwa suke tsayawa: bagaruwa a bakin tafki, aduwa, magarya, ƙandili. Akwai inuwa ke nan. Rijiyar kwari ba ta cika zurfi kamar ta tudu ba. Inda ruwa yake, nan mutane suke zama, saboda haka matafiyi ba ya rasa wanda zai tambaya hanya.

Babban mutum mai lafiya yana cin kamar kilomita 4 cikin awa 1 a ƙasa mai tauri. A cikin rairayi mai laushi, da ƙyar ya yi 3. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu koma kansu.

Ƙasashen da suka mai da ita abin nishaɗi

A wasu ƙasashe mutane suna wuni a zaune, a ofis ko a mota. Likitoci suna ce musu su tashi su yi tafiya, don jini ya gudana, zuciya ta yi ƙarfi. Sai suka shirya hanyoyi na musamman don masu tafiya a ƙasa. Waɗanda tsofaffi da yara suka fi so su ne na bakin kogi da na bakin teku, don ba su da hawa.

A Ingila akwai hanya da ta bi kogin Tems tun daga inda ya ɓuɓɓugo har cikin birnin Landan. Tsawonta ya kusa kilomita 300, an buɗe ta a 1996. A Faransa akwai wata da ta bi bakin teku a yankin Biretanyi, fiye da kilomita 2000. Asalinta hanyar ƴan duwan ce masu tsaron gaɓa. An shafa mata alama, fari da ja, a jikin duwatsu da itatuwa, don kada baƙo ya ɓata.

Ƙasar Holan ta fi ban mamaki. Kamar kashi 1 cikin 4 na ƙasar yana ƙasa da tekun da yake gefenta. Da ganuwar ƙasa da ta dutse suke tare ruwa, mutane kuma suna yawo a bisan ganuwar, a ƙasa ko a keke. Amma a 1953 teku ta karya ganuwa da dare, ta kashe mutum fiye da 1800. Daga nan suka ƙara mata ƙarfi ƙwarai.

Ban kawo labarin waɗannan wurare don mu yi sha'awarsu kawai ba. Abin da na ga ya kamata mu lura da shi shi ne: sun auna hanyoyinsu, sun sa musu alama, sun rubuta lokacin da ruwa yake rufe su. Wannan aiki ne na masu karatu da rubutu. Mu ma yanzu muna cikinsu.

Bakin ruwa a ƙasarmu Nijar

Ƙasarmu ba ta da teku. Babban koginmu shi ne Isa, wanda wasu suke kira Kwara. Daga ƙasar Gine ya taso, ya ratsa Mali, ya yi kamar kilomita 550 a cikin Nijar, ya wuce ta Gaya zuwa Najeriya. A Yamai mutane suna fita da yamma su bi gaɓarsa, ta wajen gadar Kenedi wadda aka buɗe a 1970, suna kallon masunta da masu lambu.

Akwai wani abu game da kogin nan da nake so kowa ya gane, don shi ne zuciyar darasinmu. Sau 2 yake cika a Yamai. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwan ja ne saboda laka. Cika ta biyu kuwa wajen Disamba da Janairu take zuwa, lokacin sanyi, babu ko ɗigon ruwan sama. Daga ina ruwan ya fito? Ruwan da aka yi ne a Gine tun da damina. Watanni ya yi yana tafiya kafin ya iso. Ashe ruwa yana iya zuwa maka daga hadarin da ba ka gani ba.

Kusa da mu akwai tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi. Ana iya kewaya gefensa a ƙasa, mutane kuma suna zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi. Akwai tafkin Gidimuni, gabas da Damagaram a kan hanyar Gure, mai dabino da rake da lambuna. Wanda Allah ya kai shi can, ya samu safiya guda ya taka, zai ji daɗi.

Namu na Damargu

Mu a nan ba mu da kogi mai gudu duk shekara. Ruwan saman da muke samu bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, kuma yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Abin da muke da shi shi ne kwari, da ƙorama, da tafki.

Babban kwarinmu shi ne na Tarka. Daga yankinmu ya faro, ya nufi yamma, ya ratsa ƙasar Dakoro, ya gangara wajen Madawa inda ake noman albasa a cikinsa. A zamanin da can, lokacin da ƙasar nan take da ruwa da yawa, kogi ne. Yanzu ya bushe, ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa. Ban da shi, kowane gari yana da ƴar ƙoramarsa da tafkinsa, kowa kuma ya san sunan nasa.

Lokacin da ya fi daɗin bin waɗannan wurare shi ne daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, wato daga Oktoba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta bushe, tafki bai ƙafe ba, rana ba ta yi zafi ba. Ka fita bayan sallar asuba, ka bi gefen tafki. Za ka ga balbela a bayan shanu, da zalɓe a tsaye cikin ruwa, da kirinjijiya garke-garke. Wasu tsuntsayen ma baƙi ne, daga Turai suke zuwa su yi sanyi a wurinmu, su koma. Ku tafi da yara, ku faɗa musu sunan kowane icce da amfaninsa. Yaron da ya san anza da aduwa da magarya ya san abin da ya ceci kakanninsa a shekarun yunwa. Sai dai a sa takalmi. Ƙarangiya ba ta da mutunci, kububuwa kuma tana son gindin ƙaya.

Da bazara hanya tana nan, amma ƙishirwa ce abokiyar gaba. A tashi da sassafe, a huta daga hantsi zuwa la'asar. Kada a dogara ga tafkin da aka sani bara, wataƙila ya ƙafe. A ɗauki salka ko bido a cike.

Ruwan da ba ka ga hadarinsa ba

Yanzu mun zo kan damina. A nan zan daɗe.

Wata shekara, cikin watan Agusta, na fita ziyarar wata cibiya tare da wani abokin aikina. Dare ya yi mana a hanya. Muka samu ƙorama busasshiya, rairayinta fari, mai laushi, babu ƙaya. Muka shimfiɗa tabarma a tsakiyarta. Sama garau, taurari ko'ina. Sai ga wani dattijo makiyayi da sandarsa. Ya yi sallama, ya ce: «Malamai, ku tashi daga nan.» Na ce: «Baba, ai babu hadari.» Ya nuna mini can nesa, ƙasan sama, inda walƙiya take ɗan haskawa, ko ƙararta ba a ji. Ya ce: «Ɗana, wancan ruwan nan zai kwana.» Muka kwashe kaya muka hau tudu, ni dai ina gunaguni a zuci, don tudun duk ƙarangiya ne.

Can tsakar dare muka ji rugugi kamar na babbar mota. Muka haska tocila. Ruwa ne ja, ya cika ƙorama baki da baki, yana tafe da kumfa da rassan itatuwa. Ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba. Da safe na nemi dattijon in yi masa godiya, ya riga ya kora dabbobinsa ya wuce.

Mu yi lissafi, mu ga inda wannan ruwa yake fitowa. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Hekta 1 tana da irin wannan fili 10.000. To, idan aka yi ruwa milimita 30, hekta 1 ta samu lita 300.000. Tano guda yana cin lita 200. Ke nan tano 1500 ne suka zuba a kan hekta guda. Jigawa tana shanye nata. Fako kuwa ba ya sha, turawa yake yi. A ce rabi ne kawai ya gangara daga hekta 100: tano 75.000 ke nan, dukansu kuma ƙorama ɗaya za su bi. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Ku duba irin nauyin da yake tafe da gudu.

Wannan ba a ƙauye kaɗai yake faruwa ba. A farkon Satumba 2009, ruwan ƙorama ya shiga birnin Agadas ya rushe gidaje masu yawa. A 2020 kogin Isa ya karya ganuwa ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 an yi ruwa mai yawa a ƙasa baki ɗaya, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Wanda yake cewa «a nan ruwa bai taɓa kaiwa ba» ya sake tunani.

Saboda haka da damina ba a kwana cikin ƙorama, ba a ɗaure dabba a ciki, ba a barin yara su yi wasa a ciki, ko da rana ta fito. Mai bin kwari ya bi gefen gaɓa, inda zai iya hawa tudu da sauri. Amma kada ya matsa bakin gaɓa sosai, don ruwa yana cin ƙarƙashinta, sai ta rufta da mutum. Idan ka ji rugugi, ko ka ga ɗan ruwa mai kumfa da tarkace ya fara malalowa a kan busasshen rairayi, wannan goshin ruwa ne. Ka bar kaya, ka hau tudu. Idan kuma tsawa ta same ka a fili, kada ka fake a gindin iccen da yake tsaye shi kaɗai.

Ƙetare ƙorama

Mutane da yawa ba a barci ruwa yake cinsu ba. Da idonsu biyu suke shiga, saboda gaggawa: ranar kasuwa ce, ko ana so a kai gida kafin magariba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da ƙaton namiji. Wanda ya kai santimita 60 yana iya ɗaukar ƙaramar mota. Amalanken jaki fa?

Ruwan ƙoramarmu ba ya daɗewa. Sau da yawa cikin ƴan awoyi yake janyewa. Ka kafa tsinke a bakin ruwa, ka zauna. In an jima ka duba. Idan ruwa ya haura tsinken, yana ƙaruwa ke nan, kada ka shiga. Idan ya bar tsinken a tudu, yana raguwa, ka ƙara haƙuri. In ya sauka ƙasa da gwiwa, sai a nemi mashigin da aka sani, wuri mai faɗi, ba ƙunci ba, don a ƙunci ne ruwa ya fi zurfi da ƙarfi. A riƙe doguwar sanda ana taɓa ƙasa kafin a taka, saboda ruwa yana haƙa rami inda jiya babu. Mace mai goyo ta kwance goyon, namiji mai ƙarfi ya ɗauki yaron. Babbar riga a naɗe ta. Da dare kuwa ba a ƙetarewa sam.

Direban da ya ce zai shiga da ku cikin ruwa mai gudu, ku sauka. Kuɗin mota ba su kai rai ba.

Ruwan kwance ma yana da nasa

Tafki ba ya gudu, amma yana da laka mai riƙe ƙafa, yana da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. A irin waɗannan ramuka ne yara suke nutsewa.

Sannan akwai cuta. Tsargiya, wato fitsarin jini, a ruwan kwance ake ɗaukarta. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta shiga ta fatar mai wanka ko mai ratsawa. Mai cutar in ya yi fitsari a tafki, ya sake zuba ta. Wasu suna cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, kuma tana da magani a gidan likita. Shi ya sa ya fi kyau a kewaya tafki da a ratsa shi, ko da kewayen ya fi nisa.

Manya suna tune da kurkunu, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. Da shan ruwan tafki marar tacewa ake kamuwa da shi. An yi yaƙi da shi da ƙyallen tace ruwa da rijiyoyi masu kyau, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da shi. Kada mu yar da ƙyallen. Ruwan tafki yana da sauran cututtuka, irin su zawo. A tace, in da hali a tafasa. Wanda zai kwana kusa da tafki kuma ya ɗaura sange, saboda sauro.

Ga ƴan ci-rani masu zuwa bakin teku

Samarinmu suna zuwa Kwatano, da Lome, da Legas. Ranar hutu sukan je bakin teku. Tafiya a kan rairayin gaɓa tana da daɗi, ga iska mai sanyi. Amma ku sani teku ba tafki ba ce. Tana hawa tana sauka sau 2 a kwana guda, kamar awa 6 tana hawa, kamar awa 6 tana sauka, saboda jan da wata yake yi mata. Inda ka ajiye takalminka a bushe, in an jima ruwa ne. Igiyar ruwan wannan gaɓa kuma tana da ƙarfi, tana janye mutum zuwa ciki ko da ya iya iyo. Ɗan Damargu ya tsaya inda ruwa ba ya wuce idon sawu, ya tambayi masunta.

Hanyar ruwa ta kowa ce

Saura magana guda. Hanya ba ta da amfani in an toshe ta. Ƙasar kwari tana da albarka, kowa yana so ya yi gona ko lambu a ciki. Sannu a hankali sai a cinye burtali, a kewaye mashaya da ƙaya. Makiyayi ya zo da garke mai ƙishirwa, ya rasa ta inda zai bi. Mun san abin da yake biyo baya.

Doka ta yi magana a kan wannan. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da yake bayanta don kiwo. A 1993 aka kafa kundin dokokin karkara, wanda ya kawo kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. A 2010 aka ƙara wata doka da ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin tafiya da dabbobinsu. Burtali ba gonar kowa ba ne. Turakun siminti da ake kafawa a gefensa, ba don ado ba ne, kuma tumɓuke su laifi ne. A ganina, mai lambu ma riba gare shi in ya bar hanya mai faɗi zuwa mashaya: dabbar da ta samu hanya ba ta karya shinge.

Aikin cibiya

Ga lissafi. Daga garinku zuwa kasuwa kilomita 12 ne ta kwari, ƙasa mai tauri. Awa nawa za ku yi? Da damina sai an kewaya ta jigawa, kilomita 15, cikin rairayi. Awa nawa ke nan? In kuna so ku isa da ƙarfe 10 na safe, ƙarfe nawa za ku tashi?

Sannan kowace cibiya ta zaɓi hanya guda da mutanen garin suka fi bi. Ku kira dattawa da makiyaya da mata masu zuwa ɗiban ruwa, su suka fi saninta. Ku zana ta a ƙasa tukuna, sannan a allo, sannan a takarda. Ku rubuta sunan kowace ƙorama, da kowane tafki, da kowace rijiya. Ku sa alama inda mashigi yake, da inda ruwa ya taɓa cin mutum ko dabba, da tudun da ake gudu a hau. Ku kai wa mai gari kwafi guda, ku liƙa guda a cibiya, ku ba malaminku guda ya aiko mana. Za mu buga waɗanda suka iso kafin faɗuwar damina.